Koya wa faifan bogi jinkirin tashi: abin da aka tattauna a Jos

Matsalar da masu rubuta manhaja suka zauna a kanta a Jos sananniya ce. Wuta ta ɗauke, janareta ya tashi, kwamfuta ta farka, amma faifan ajiya mai juyi 7200 a minti yana buƙatar daƙiƙoƙi kafin ya kai gudunsa. Ta yaya za a gwada direban Linux, wato manhajar da ke sarrafa faifan, a wannan hali ba tare da an yi ta kashe faifan gaske ba?

Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce a yi amfani da scsi_debug, wani sashen Linux mai ƙirƙirar faifan bogi a cikin RAM. Yana da saitin tur_ms_to_ready: ka ba shi milidaƙiƙa 5000, sai ya yi daƙiƙa 5 yana amsa TEST UNIT READY, umarnin da ake tambayar faifai ko ya shirya, da cewa bai shirya ba tukuna, da lambar 04/01, wato yana kan shiri. Nan sd, direban faifai na Linux, zai aika umarnin tashi, ya rubuta "Spinning up disk", ya riƙa sake tambaya duk daƙiƙa har zuwa daƙiƙa 100. A ganina wannan ce hanyar da ta dace, domin faifan gaske ba shiru yake yi ba, amsawa yake yi.

Wani ya kawo shawarar dm-delay, wani sashen Linux mai sa jinkiri a aikin faifai, aka ce masa wannan jinkirta karatu da rubutu yake yi, ba tashi ba.

Ga mai rubuta nasa direban faifan bogi kuma, gargaɗin ya yi ƙarfi: kada ya sa mdelay, umarnin jira na Linux, domin yana riƙe CPU ba gaira ba dalili. Ya ajiye lokacin farawa da ktime, agogon cikin Linux, ya riƙa kwatantawa duk sanda umarni ya iso. Ya kuma gwada jinkirin da ya wuce daƙiƙa 100, ya ga yadda direban sd zai haƙura.