Cire sitika daga jikin mota ba tare da ɓata fenti ba

Direbobi da masu fentin mota da suka tattauna batun sun haɗu a kan abu ɗaya: zafi ne ke sassauta gam. A bar motar a rana, ko a hura wa sitikar na'urar busar da gashi, sannan a ɗaga gefenta da farce ko tsohon katin ATM, a riƙa ja sannu a hankali. Reza kuwa sai a wajen gilashi, don a jikin fenti tabo take bari.

Ragowar gam ne aka yi saɓani a kai: wasu suka ce man gyaɗa, wasu kananzir. Ni na fi natsuwa da kananzir, muddin za a wanke wurin da sabulu nan take. Tina kam, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, kowa ya hana, cin fenti take yi.