Shin na binne talantina ne a ɗakin gadi?

Ɗan Billiri:
Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Akwai abin da ke cin raina tun Lahadin da ta wuce. Ni maigadi ne a wani gida a Ajah, kafin nan acaba nake yi, to da gwamnatin Legas ta hana acaba a wasu ƙananan hukumomi a watan Yuni 2022 aka kama mashin ɗina, shi ke nan na dawo gadi. A gida ni nake kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙan coci tun ina yaro, har koya wa yaran ƙungiyar bishara ta Sabon Rai nake yi. Yanzu mu biyu ne a bakin get, sau ɗaya a wata nake samun Lahadi, kuma majami'ar da ake sujadar Hausa da nake zuwa tana Agege, kafin ka je ka dawo kuɗin mota ya gama da kai. Ranar da na samu zuwa sai fasto ya yi wa'azi kan Matiyu 25, bawan nan da ya tona rami ya ɓoye kuɗin maigidansa, gaskiya ji na yi kamar ni ake nunawa da yatsa. Jitata tana ƙarƙashin gado, iskar teku ta sa wayoyin duk sun yi tsatsa. Shin nima na binne ke nan? Ko in bar aikin?

Dattijo Mushin:
Ɗana, kada ka yi saurin barin aiki, Legas ba wurin zama hannu rabbana ba ne. Ka koma ka karanta wurin a hankali, daga aya 14 zuwa 30. Talantin da Yesu ya ambata kuɗi ne, kuma ba ƙananan kuɗi ba, talanti ɗaya ya kai kusan dinari 6,000, dinari ɗaya kuwa ladan yinin lebura ne kamar yadda muka gani a Matiyu 20, ka ga wajen albashin shekara 20 ke nan. Wato ko wanda aka ba ɗaya ɗin ba a raina shi ba. Sannan ka lura da abin da ya fito daga bakinsa da maigidan ya dawo, bai ce ban samu lokaci ba, bai ce hanya ta yi nisa ba, cewa ya yi maigidan mai tsanani ne, tsoro ya kama shi shi ya sa ya ɓoye. Laifinsa ke nan, ya munana zato ga maigidansa ya naɗe hannu. Kuma sauran bayin, mai talanti biyar da mai biyu, yabo iri ɗaya aka yi musu, ba a ce wa mai biyu me ya sa bai kawo biyar ba. To kai ka tambayi kanka, tsoro ne ya sa jitar ta shiga ƙarƙashin gado ko kuwa kana ganin in ba gaban bagade ba babu inda za a kaɗa ta?

Bro Sabon Rai:
Baba ku yi haƙuri amma ni ina ganin kun lallaɓa shi da yawa. Ɗan'uwa, rashin zuwa Agege na gane, amma tsatsar waya fa? Wannan ba laifin oga ba ne. Maigadi ya fi kowa lokaci da dare, nima na yi gadi shekara biyu a Ikoyi na sani, daga sha ɗaya zuwa asuba ba abin da muke yi sai danna waya da korar sauro. Kuɗin data na wata ɗaya zai saya maka sabbin wayoyin jita.

Maman Biyu, Idi-Araba:
Kai Bro, ka faɗi gaskiya amma da zafi haha. Ƙanina bari in ba ka nawa labarin. Ni murya ba ni da ita ko kaɗan, a zumuntar mata in an fara waƙa caki ake miƙo min don in yi shiru, na daɗe ina jin kamar Allah ya tsallake ni ranar rabon baiwa. Ni tela ce, keke ɗaya gare ni a ƙofar ɗaki. Wata rana a nazarin Littafi muka karanta labarin Dokas ta Yafa a Ayyukan Manzanni 9, matar da ta rasu gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka suna nuna masa rigunan da ta ɗinka tun tana raye, ba wa'azi ta yi ba, ba waƙa ba, allura da zare ne kawai. A ranar na kasa cin abinci. Tun daga nan in an kawo 'yan mata daga gida suna neman aikin wanke-wanke nakan ɗauki ɗaya in koya mata ɗinki kyauta, yanzu uku sun yaye, ɗaya ma ta fi ni iya yankan buba, abin har haushi yake ba ni wani lokaci. Kai ma ka duba layinku, masu gadi nawa ne 'yan gida da ba sa samun zuwa coci kamar kai? Na tabbata akwai 'yan Filato da kudancin Kaduna da Adamawa, su ma suna can suna kewar sujada da Hausa.

Dattijo Mushin:
Madalla da wannan. Bulus ma ai ɗinkin tanti ya yi a Korinti tare da Akila da Biriskila, sana'a ba ta hana shi hidima ba. 1 Bitrus 4:10 kuma cewa ta yi kowa ya yi wa ɗan'uwansa hidima da baiwar da ya samu, ba a sa sharaɗin wuri ba. Amma ɗana ka nemi izinin maigidan tukuna, kada ka tara mutane a ƙofar gidan wani bai sani ba, amanar get ɗin ma abu ne da aka damƙa maka.

Ɗan Billiri:
Na gode Baba, na gode Mama. Bro ka taɓa ni inda yake ciwo amma ba ƙarya ka yi ba. Na ƙirga, mu shida ne a layinmu da na bayanmu, har da wani yaro ɗan Mubi da kullum nake jin yana rera waƙoƙin Littafin Waƙoƙi in yana wankin mota. Na yi wa madam magana da safen nan, ta ce ba damuwa in dai bayan ƙarfe huɗu ne ranar Lahadi kuma kada a wuce ɗakin gadi, kada kuma a kawo ganga. Yanzu saura wayoyin, wa ya san inda zan samu masu kyau ba sai na je har kasuwar Alaba ba?

Bro Sabon Rai:
Ina da saiti ɗaya da ban buɗe ba. Asabar ina da aiki wajen Lekki, ka fito bakin titi in miƙa maka.