"Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci": wa ake faɗa wa, kuma yaushe?

Ɗan Kurmi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Karin maganarmu ta wannan mako ke nan a sama. A 1950 mutanen duniya ba su wuce biliyan biyu da rabi ba. Ranar 15 ga Nuwamba 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mun cika biliyan 8. Tun daga nan duk wanda ya tayar da zancen ko ya kamata a rage haihuwa saboda ƙasar noma da ruwan sha, da wannan magana ake rufe masa baki. Ana faɗin ta an tashi taro. Shin don irin wannan gardama magabata suka yi ta, ko mu ne muka ɗora mata kayan da ba nata ba?

Almajirin Zaure:
Wa alaikumus salam. Maganar tana da gindi, Alhaji. A Suratu Hud, aya ta 6, Allah ya ce babu wata halitta mai motsi a bayan ƙasa face arzikinta yana gare shi. A Suratul Isra'i, aya ta 31, ya hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci. Bahaushe ya ɗauki wannan ya sa shi a harshensa. Amma wanda ya riƙe wannan sai ya haɗa da hadisin tsuntsaye, masu sammako da yunwa su dawo da yamma a ƙoshe. Ba a ce suna wuni a sheƙa ba.

Hajiya Uwar Biyu:
Malam, ka kawo nassi, ni bari in kawo inda na ji ana faɗa. A bakin tsofaffin mata na san ta, kuma wurarenta sanannu ne. Mace ta gano tana da ciki, mijin ba sana'a, ta zauna tana kuka: sai a faɗa mata. An haifi tagwaye a gidan da ɗaya ma da ƙyar: sai a faɗa. An yi rasuwa an bar marayu, ana rabon su a dangi, wani kawu yana noƙewa: sai goggo ta jefa masa ita, ya ji kunya ya ɗauki yaron. Duk a nan bakin ya riga ya samu, ko yana hanya. Maganar lallashi ce, ko ta zaburar da mai rowa. Ban taɓa jin tsohuwa ta kira magidanci ta ce masa je ka yi ta haihuwa ba lissafi ba.

Waɗannan tsofaffin su ne kuma masu cewa "haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance". Su ne masu cewa "da haihuwar yuyuyu gara ɗa ɗaya ƙwaƙƙwara". A zamaninmu macen da ta yi kwanika ba ta sakewa a gidan biki, habaici zai ishe ta. Mai jego ta tafi wanka gidan iyayenta, ta sha kunun kanwa, ta huta. Yaro ya sha nono wajen shekara biyu kafin yaye, daidai da abin da ke cikin Baƙara, aya ta 233. Ba wani Bature ya koya musu ba.

Na yi aikin ungozoma a asibiti har na yi ritaya. Na ga mace a haihuwa ta tara, ka ja fatar idonta fari fat kamar takarda, na goye bai fara tafiya ba yana bayan babbar 'yarta a bakin ƙofa. Aka ce wa mijin ya nemo masu ba da jini. Ya ce to. Sai bayan la'asar ya dawo, shi kaɗai. Irin wannan ne ya fi kowa saurin cewa bakin da Allah ya tsaga.

Injiniya Na-Bauchi:
Hajiya, Allah ya saka. Amma tambayar Alhaji ta duniya ce, kuma a nan ni ina bayan karin maganar. Wani limamin coci a Ingila, Thomas Malthus, tun 1798 ya ce mutane za su fi abinci yawa. Lokacin duniya tana wajen mutum biliyan ɗaya. Mun ninka haka sau takwas, kuma abincin da ake nomawa yau ya isa kowa. Abin da bai hango ba shi ne takin zamani, wanda Jamusawa biyu, Haber da Bosch, suka gano yadda ake haɗa shi daga iskar da muke shaƙa, sai kuma irin alkama mai yabanya da Norman Borlaug ya fitar a Meziko aka kai Indiya da Pakistan. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa asara yake yi. Ku je kasuwar tumatir lokacin kaka ku ga kwandunan da ake zubarwa.

Sannan bakuna ba ɗaya ba ne. Hayaƙin da Ba'amurke ɗaya ke fitarwa a shekara ya ninka na mutumin Nijar fiye da sau ɗari. Amma in an tashi zancen a rage, sai a nuno matar da ke daka a ƙauyen Damagaram. Allah bai hana bakin abinci ba. Mutane ne suka tare.

Manomin Rano:
Injiniya, a takarda kake noma. Gonar kakanmu in ka tsaya a wannan kai ba ka jin kiran wanda ke wancan kai. Har saura yake bari, wani yanki ya huta shekaru. 'Ya'yansa maza suka raba, mu muka sake rabawa. Nawa kason yanzu da sanyin safiya nake gama nome shi. Hatsin da nake samu ba ya kai mu bazara, sai awo. Ba saura, ba taki sai da kuɗi mai ciwo. Burtalin da shanu ke bi ma an nome shi, shi ya sa kowace kaka sai an je gaban dagaci da Fulani. Abincin da ake zubarwa a Amurka ba zai zo rumbuna ba.

Baƙon Maraɗi:
Barka da war haka. Ina da magana biyu, kuma ba su jitu da juna ba.

Ta fari, mu a Nijar an daɗe ana cewa mun fi kowa haihuwa a duniya. Binciken 2012 ya nuna matsakaicin haihuwar mace ɗaya ya kai 7.6. Amma a jihohin Maraɗi da Damagaram, inda jama'a ta fi cunkushewa, nan ne itatuwa suka dawo. Tun shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga tsohon kututture lokacin sassabe. Sai su zaɓi mai ƙarfi su bari, su datse sauran. Ana ƙiyasin an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 ta haka. Gawo shi ne sarki: da damina ya zubar da ganye bai yi wa hatsi inuwa ba, da rani ya ba dabbobi abinci. Wannan aikin hannu ne, sai da jama'a. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Ta biyu, a watan Oktoba 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Galibi mata ne da yara, da yawansu daga yankin Kantche, inda gonaki suka fi ƙanƙancewa. Neman abinci ya fitar da su. Tun ranar nake jin nauyin faɗin wannan karin magana a gaban mutane.

Sa'idu Mai Shayi:
Ni fa duk wannan zancen ban yarda da shi ba. Makirci ne kawai, so ake a rage mu. Mun ga abin da aka yi wa yara a Kano a 1996 da gwajin maganin Trovan lokacin sanƙarau. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Malama Talatu:
Ƙanena Sa'idu, abin da ya faru a 1996 ya faru, ba mai musu, kuma tsoronka yana da dalili. Amma ka zo ajina ka ƙirga. Yara a ƙasa har bakin allo, in zan je baya sai na tsallaka ƙafafu. Rabinsu ba su karya ba. Akwai yarinyar da ke zuwa da goyon ƙaninta, ƙarfe goma ta tafi talla. Wane Bature ne ya shirya wannan? Kuma ko yawanmu ba mu sani ba: rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006, da aka samu miliyan 140. Yaya za ka gina aji ga yaran da ba ka ƙirga ba?

Injiniya Na-Bauchi:
Malama, to ai kin dawo kan maganata: laifin masu gina aji ne. Amma bari in taɓo zancen ko a ƙayyade haihuwa da doka. An gwada. Sin ta kafa dokar ɗa ɗaya daga wajen 1980 har 2015, da tara mai nauyi da zubar da ciki na dole. Da yake kowa namiji yake so, yau maza sun fi mata yawa da wajen miliyan 30. A 2016 suka ce a haifi biyu, a 2021 suka ce uku, mutane suka ƙi. A 2022 yawansu ya fara raguwa. Indiya ta yi wa miliyoyin maza aikin hana haihuwa, da yawa bisa tilas, lokacin dokar ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977, kuma jama'a suka kayar da Indira Gandhi a zaɓen da ya biyo. Koriya ta Kudu ba dole aka yi musu ba, amma a 2023 matsakaicin haihuwar mace ɗaya ya sauka zuwa 0.72, gwamnati tana ta ba da kuɗi a haihu. Hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne za a tsaya wajen biliyan 10.3 a shekarun 2080, daga nan a fara sauka. Jirgin ya riga ya fara rage gudu da kansa.

Hajiya Uwar Biyu:
Da kansa? Ɗana, mata ne suka rage masa. Bangladesh ƙasar Musulmi ce, matalauciya, daga haihuwa sama da shida ta sauko wajen biyu, ba da bulala ba. Mata ma'aikatan lafiya ke bi gida gida, 'yan mata suka zauna a makaranta, yara suka daina mutuwa da gudawa da ƙyanda. Iran ma haka ta sauko cikin shekaru kaɗan bayan yaƙinta da Iraƙi, da amincewar malamansu. Kakata ta haifi goma sha ɗaya, huɗu suka rayu. Mai binne 'ya'ya ba za ka ce mata ta tsaya ba. Ka tabbatar mata za su rayu, ita da kanta za ta nemi hutu. A nan ma binciken 2018 ya ba Najeriya 5.3, na baya-bayan nan 4.8.

Almajirin Zaure:
A fayyace abu biyu kada a cakuɗa. Hukuma ta yanka wa mutane adadi, ko a yi wa mutum aikin da zai yanke haihuwa gaba ɗaya ba larura, jumhurun malamai ba su yarda ba. Miji da mata su yi shawara su ba da tazara don lafiyar uwa ko tarbiyyar yara, wannan malamai da yawa sun halatta, suna kafa hujja da hadisin Jabir a Bukhari da Muslim cewa sahabbai suna yin azlu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani yana sauka. Da sharaɗin yardar matar. Shi kuma Sa'idu, ina tuna maka, ciyarwa wajibi ce a kan uba. Wanda ya tura yaro ɗan shekara shida wani gari da ƙoƙo ba guzuri, ya ce Allah zai ciyar da shi, gaskiya ya faɗa, amma za a tambaye shi.

Sa'idu Mai Shayi:
Allah gafarta Malam, ni ma almajiranci na yi, ga ni da teburina.

Malama Talatu:
Ku nawa aka kai tare, Sa'idu? Sauran suna ina?

Ɗan Kurmi:
Malama, a sassauta masa. Ni abin da bai warware mini ba shi ne na Manomin Rano. Ko kowa ya ba da tazara daga yau, gonarsa ba za ta ƙaru ba. Kuma yankin da ke kewaye da Kano ya daɗe yana cikin wuraren da suka fi cunkoso a ƙasar Hausa, ana nomawa kowace shekara ba hutu, ƙasar ba ta mutu ba. Wani masani Bature, Michael Mortimore, ya yi shekaru yana nazarin haka. Muna yara muna ganin jakuna da mangala suna fitar da takin gari zuwa ƙauye, su dawo da itace. Yanzu bolar ma leda ce zalla.

Manomin Rano:
Leda da batir, Alhaji. Bara na sayi takin bola cikin kura guda, sai da muka wuni muna tsincewa. Baƙon Maraɗi, tohon nan da kuke bari, guda nawa ake bari a kututture ɗaya, kuma wane wata kuke datsewa? Akwai kalgo da sabara a gefen gonata da nake sarewa duk shekara.

Baƙon Maraɗi:
Ka duba masu miƙewa sosai ka bar kamar uku zuwa biyar, sauran ka cire. Da rani, lokacin sharar gona, da wuƙa mai kaifi, kana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya ɗaye. Ka ɗaura musu tsumma a san da mai su. Babban aikin shi ne ka fara magana da maƙwabtanka da masu kiwo, in ba haka ba akuya da masu neman itacen girki za su riga ka.