Sunayen gumaka a littafin Auta

Kawu: Salamu alaikum. Jiya bayan la'asar na ji Auta a tsakar gida tana haddar darasin duniyoyin da ke zagaye rana: Makuri, Binas, Mas, Jufita, Satun. Da na bincika aka ce mini duk sunayen gumakan Romawa ne. Ni dai raina bai kwanta ba. Yaya za a sa yarinya maimaita sunan gunki kamar karatun allo? Na ƙarshen ma ya yi kama da Shaiɗan.

Yaya Malama: Wa alaikumus salam, Kawu. Wanda ya faɗa muku bai yi ƙarya ba. Makuri ɗan aiken gumakansu ne, suka ba duniyar da ta fi sauri, wadda ke zagaye rana cikin kwana 88. Mas gunkin yaƙi ne, aka sa wa duniyar sunansa don ja take kamar jini, alhali tsatsar ƙarfe ce a ƙasarta. Jufita sarkinsu. Amma Satun gunkin noma ne, babu abin da ya haɗa shi da Shaiɗan sai kamar lafazi. Su ma Romawan gado suka yi: tun a Babila ana kiran Jufita da Marduk, Binas kuma Ishtar.

Goggo: To ai kin ƙara wa maganar Kawunku ƙarfi. Ba mu rasa namu ba. A littattafan malamanmu akwai Zuhal, Mushtari, Mirriku, Uɗarid da Zuhura. Me ya hana a koyar da su?

Ɗan Maraɗi: Goggo, ku yi haƙuri in sa baki. Mu da muka yi boko da Faransanci, ranakun mako ma haka suke: mardi ta Mas ce, mercredi ta Makuri, jeudi ta Jufita, vendredi ta Binas. Liman ɗinmu na rubuta vendredi a takarda, ya je ya ja Juma'a. Kuma Kawu, watan Maris daga Mas ya samo suna, Janairu daga Janus, gunki mai fuska biyu. Duk muna faɗa.

Kawu: Wannan lalura ce, ɗana, albashi da takardun hukuma. Amma abin da muke da madadinsa fa?

Yaya Malama: Madadin biyar ne kawai, Kawu, waɗanda ido ke gani. Yuranus sai a 1781 William Herschel ya hango ta da madubin hangen nesa a Ingila. Shi sunan Sarki George na uku ya so ya sa mata, masanan wasu ƙasashe suka ƙi, aka zauna a kan na gunkin sama na Girkawa. Neftun a 1846 aka gano ta a Balin ta ƙasar Jamus, bayan lissafi ya nuna inda za a duba. Fuluto kuwa, a 1930, yarinya 'yar shekara 11 a Oxford ce ta kawo sunan, sa'ar Auta ke nan. Babu mai bauta a cikin wannan, laƙabi ne na ganewa. Ni abin da ke damuna daban ne: a ajina kowa ya san Binas a takarda, amma na tambayi wa ya taɓa ganin Zara, wato ita Binas ɗin a sama, hannu biyu kacal aka ɗaga.

Goggo: Zara matar wata? Mu da muke nuna ta bayan magariba tun muna kan tabarmar Inna! Da asuba kuma Gamzaki ya fito, mu tashi daka.

Yaya Malama: Goggo, ai abu ɗaya ne. Wasu watanni tana bin rana a yamma, wasu watanni ta riga ta fitowa a gabas. Girkawan farko ma biyu suka ɗauka, har suna biyu suka sa.

Goggo: A'a, 'yar nan. Wannan kam sai na gani da idona.

Kawu: Ni har yanzu ina kan bakana, na fi son na Larabcin a gaba. Ki rubuto mini biyar ɗin, kowane da na bokonsa a gefe, zan liƙa a bangon ɗakin Auta.

Goggo: Ki haɗa da lokacin da Zara za ta ɓace a yamma. Zan sa ido in ga ko Gamzaki zai fito kafin nan.