Kiɗan jita: na tsakar gida ne ko na babban dandali?

Ɗan Zango: Salamu alaikum ƴan fada. Ina da magana, na kuma san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Duk wanda bai taɓa zama gab da mai jita yana kaɗawa a ƙaramin wuri ba, to bai san kiɗan jita ba tukuna. Ko salularsa cike take da waƙoƙi, ko ya sha zuwa manyan wasanni a filin ƙwallo, da sauransa.

Daren Asabar ɗin nan wani makaɗin Agadas da na daɗe ina bin waƙoƙinsa ya sauka nan Damagaram, aka roƙe shi ya yi wasa a tsakar gidan abokinsa cikin Zango. Tabarmi ne da benci, sai ƙaramin gurup, injin ba da wuta, a bayan katanga. Inda na zauna, in na miƙe ƙafa sai na taɓa wayar jitarsa. Babban yatsansa ba ya barin tsirkiyar sama, yana ta bugunta ba tsayawa, manuniya ita kaɗai ke zubo sauran. Mai ji a waya sai ya rantse jita biyu ce. Idonsa kuma ba ya kan jitar, yana kan ƙafafun masu rawa. Wani dattijo mai rawani ya miƙe, sai ya sassauta kiɗan, ya ɗan kalli mai ganga, mai ganga ya bi shi. Dattijon na komawa tabarma, ya mayar da wuta. Gani ya kori ji.

Kawu Mai Sono: Wa alaikumus salam ɗana. Kayan da aka yi wasan da su nawa ne, ni na ɗaura su, don haka bari in gaya maka abin da na baya suka ji. Ba su ji murya ba. Katangar gidan siminti ce ta kowane ɓangare, sauti ya bugi wannan ya dawo ya bugi waccan, duk lokacin da na ɗaga makirfo sai ya yi kuka, dole in sauke. Ganguna suka danne waƙar. Gurup ɗin ƙarami ne, in mai jitar bas ya matsa sai fitila ta yi ja. Shi kansa mawaƙin ba ya jin muryarsa, don babu lasifikar da ke fuskantarsa, shi ya sa ka ga yana toshe kunne ɗaya. A babban dandali kowane abin kiɗa da layinsa a teburin haɗa sauti, a ɗaga wannan a rage wancan har ya zauna daidai. Kai ka ga yatsu, madalla. Amma a harkar kiɗa ji ne gaba da gani.

Ɗan Zango: Allah ya ja kwana Kawu, ban musa ba, makirfo ya yi kuka. Amma ko mutum ɗaya ka ga ya tashi ya tafi saboda haka?

Kawu Mai Sono: Ina za su? Wani wasan ake a garin a daren?

Direban Tanut: Kawu, a nan ina bayan yaron. Hanyar Damagaram zuwa Agadas ita ce sana'ata, na kwana a garin ba adadi. A can wannan kiɗan na biki ne. A tare bakin layi, a shimfiɗa tabarmi, a ja wuta daga gidan amarya, a jingine lasifika biyu da bango, shi ke nan. Ƙura na tashi, yara na ratsawa ta tsakanin makaɗa. Etran de l'Aïr, ƙungiyar makaɗan jita ta Agadas, tun 1995 suke wannan aikin, ƴan gida ɗaya ne, bikin aure da na suna ne ya raine su kafin Turawa su san da zamansu. Saurin da kuke ji a kiɗansu daga ina ya fito? Daga gasar bukukuwa. In ba ka tayar da mutane rawa ba, gobe wani za a kira. Sautin da Kawu ke kira mara kyau, da shi kiɗan ya girma.

Malama ta Garin Malam: Ni tambaya biyu gare ni ga ƙanena Ɗan Zango. Ta farko, mata nawa ka gani a wurin?

Ɗan Zango: Kaɗan ne Yaya. Matan gidan, da wasu ƴan uwansu.

Malama ta Garin Malam: To ka gani. Wasan da aka fara bayan lisha'i, a gidan wani, ba sanarwa sai wanda ya san wani. Ni da nake son kiɗan nan tun kafin ka mallaki salula, ta ina zan shiga? Wace matar aure ce za ta ce wa maigida za ta tsakar gidan wani namiji da dare kallon jita? In maganarka gaskiya ce, ka yanke wa rabin garin nan hukunci ke nan cewa ba za su taɓa sanin kiɗan jita ba. Alhali mata na cikinsa tsundum. Makaɗan ƙungiyar Les Filles de Illighadad ƴan ƙauye ne a yankin Abalak, Fatou Seidi Ghali ta koyi jita da ta yayanta, suka haɗa ta da tende wanda dama kiɗan mata ne. Ni ban taɓa zama gabansu ba, amma kar wani ya ce mini ban san kiɗansu ba.

Ta biyu ta fi damuna. Nawa makaɗin ya tashi da shi? Na san yadda ake yi. A yi liƙi, wannan jika, wancan ɗari biyar, a cire na mai, a cire na Kawu, a raba saura tsakanin mutum huɗu. Tsirkiya in ta tsinke ba a kasuwar Dole zai tsinci irin wadda yake so ba. Ku kun tashi da labarin da za ku yi shekara kuna bayarwa, shi ya tashi da kuɗin mota da ƙyar. Muna son su a kusa da mu ne don mu ke cin ribar kusancin.

Ɗalibi: Yaya ta taɓo inda nake so. Ni abin da ban yarda da shi ba shi ne raina mai ji a waya. Ku dubi Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar. Jitarsa ta farko da hannunsa ya ƙera, da wayar birkin keke. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, ba kamfanin da ya rarraba shi, mutane ne suka riƙa tura wa juna ta Bluetooth da katin memori, daga waya zuwa waya har Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji wata waƙarsa, ya sa ta cikin tarin waƙoƙin da ya tattara daga wayoyin mutane, kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. Daga nan ƙofa ta buɗe, har ya kai ga Matador, kamfanin New York mai zaman kansa da ya yi suna da mawaƙan rok, suka fitar masa da faifai a 2021. Waɗanda suka ɗauke shi suka kai can, akasarinsu ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Su ne za a ce ba su san kiɗan jita ba?

Direban Tanut: To ɗalibi, ƙarasa labarin mana. Shi Matador ɗin a 2022 me ya fitar? Ba abin da aka ɗauka a nan Nijar ba ne, a wuraren biki da cikin gidaje da wajen gwaji? Akwai situdiyo a Amurka, amma suka dawo neman sautin tsakar gida. Mai kaɗa wa Mdou bas ma Ba'amurke ne, sai da ya zo nan ya bi su bukukuwa.

Ɗalibi: Haka ne. Amma a faifai suka sa shi, ga masu ji daga nesa. Hujjata ce ka ƙarfafa.

Baba na Birni: Na daɗe ina sauraronku ƴaƴana. Abin da yaron nan ya gani daren Asabar ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Mai kalangu ba ya kiɗa a iska, sai ya ga wanda zai yi wa take. Mai gurmi in ya hango ka shigo, sai ya juya waƙa ta bi ta kan kakanka. Wannan ba ya yiwuwa in fitila ta haske masa ido, jama'a sun zama duhu a gabansa. Har nan ina tare da shi.

Sai dai kar ya ce girman taro ke kashe kiɗa. Ya tsaya ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan salla, a busa kakaki da algaita, a buga tambura, dubban mutane tsaye, ya gaya mini ko tsikar jikinsa ba ta tashi ba. Wannan ba a yin sa a zaure.

Kuma ina da tambaya. Mutumin nan da Tamajak, harshen Abzinawa, yake waƙa. Kai Bahaushe ne. Me ka ji ya ce?

Ɗan Zango: Ranka ya daɗe Baba, wannan tambayar ita ce babbar hujjata. Ba na jin Tamajak. Amma a daren, kafin kowace waƙa sai ya dafe tsirkiyoyi ya yi mana bayani da Hausarsa ta Agadas. Ya ce wannan a kan fari ce, shekarar da dabbobin gidansu suka ƙare. Wannan ta wanda ya tafi Libiya neman kuɗi ce, uwarsa na jira. Wani daga baya ya ce ƙanensa na can yanzu haka, makaɗin ya tambayi garin da yake, suka yi magana kamar minti biyu, sannan ya fara. Waƙar nan na san kowane lanƙwasarta a waya, ina jin ta ina aiki, ina ɗan kaɗa kai. A daren ban iya kaɗa kai ba, mutumin da ƙanensa ke Libiya yana bayana yana share ido da bakin rawani. A filin ƙwallo wa zai tsaya ya tambaye ka garin da ƙanenka yake?

Kawu Mai Sono: Wannan na gani da idona, ba zan ƙaryata ba. Har na rage ƙarar jita a wurin don maganarsu ta fito.

Malama ta Garin Malam: Ya taɓa ni, wallahi. Amma ga wani. Bombino, makaɗin jita ɗan Agadas, ya yi gudun hijira a Burkina Faso lokacin tawayen Abzinawa na 2007. Da ƙura ta lafa ya dawo, a farkon 2010 ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas, gari ya fito, tsofaffi da yara da mata. Abin da mutanen nan suka ji a ranar, na ganin kiɗan da aka daɗe ana ɓoyewa ya fito fili kowa na rawa ba tsoro, tsakar gida ba ta iya ɗaukarsa. Kuma hanyar manyan dandali ce ta kai shi har aka sa sunansa cikin ƴan takarar Grammy, babbar lambar yabon waƙa ta Amurka, a 2019, ɗan Nijar na farko. Kana so ya tsaya kan tabarma don kai ka ga yatsunsa?

Ɗan Zango: A'a Yaya, ya je duniya, Allah ya ƙara ɗaukaka. Ban ce kar su ci abinci ba. Abin da na ce, kuma ina nan a kai, akwai wani abu a kiɗan nan da ba ya fitowa sai makaɗi na ganin idonka. Wanda bai samu wannan ba, akwai abin da ya wuce shi.

Ɗalibi: Da farko cewa ka yi bai san kiɗan ba sam.

Ɗan Zango: Har yanzu a raina haka nake ji.

Malama ta Garin Malam: To in haka kake ji, nauyi ya hau kanka. Abin da ka ce ba a sanin kiɗa sai da shi, ka buɗe wa sauran mutane ƙofarsa. Ga gidan matasa da al'adu, MJC, a garin nan. A nemi ƙaramin wuri a ciki, a fara bayan la'asar a tashi kafin magariba, a sa tikiti a ƙofa, kuɗin makaɗi a yanke shi tun kafin ya baro Agadas, liƙi ya zama ƙari. Ni zan zo da ƙawayena, mu zauna gaba.

Baba na Birni: A sa mai gurmi ɗaya na gida ya buɗe. Muna da su, suna nan suna tsufa ba mai kiransu sai biki.

Kawu Mai Sono: Ni zan kawo kaya a rabin kuɗi, da sharaɗi biyu. Wurin ya kasance ba katanga huɗu ba, kuma a bar ni in zo da babban gurup. In za a yi, a ji murya.

Direban Tanut: Kar dai ka gyara shi har ya koma na rediyo, Kawu.

Kawu Mai Sono: Kai ka riƙe sitiyari, ka bar mini tebur.

Direban Tanut: Na riƙe. Alhamis in Allah ya kai mu zan hau, zan neme shi in ji nawa zai ce, shi da mutanensa uku, da kuɗin motarsu zuwa da dawowa. Ɗan Zango, kai ka tayar da maganar, kai za ka fara zuba naka.