Neman kalma: me za mu kira "illegal logging" a rediyo?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Ina fassara labarin ƙarfe takwas kan kuɗin da ƙasashe ke haɗawa don yaƙi da wannan ta'asa. A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 gwamnatoci sun yi alkawarin dala biliyan 12 don kare dazuka. Na rubuta "sare itatuwa ba bisa ƙa'ida ba", amma ya yi tsawo a baki. A taimaka.

Ɗan Jarida: Wa alaikumussalam. Satar katako.

Malama: Ba tsawon ne kaɗai matsalar ba. In ka ce sare itatuwa, mai sauraro zai hango mai neman itacen girki. Alhali manyan ɓarayi ake farauta da kuɗin nan, masu jabun takardun izini, masu cika kwantena a tashar jiragen ruwa. Hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, Interpol, ta ƙiyasta cewa kashi 15 zuwa 30 na katakon da ake cinikinsa a duniya ta haramtacciyar hanya aka same shi. Dole kalmar ta nuna cinikin, kada laifin ya faɗa kan talaka.

Ɗan Jarida: To, fasa-ƙwaurin timba.

Baba Malam: Timba kuma? Haka kuke kashe mana harshe. Ni tuni na tsara "wawason kurmi". Gajere, ga daɗin faɗa, ga hoton abin a ciki.

Malama: Allah ya gafarta Malam, ai ba duka a kurmi ake yi ba. Bishiyar madobiya a daji take, kuma ita aka fi yi wa wawaso a Afirka ta Yamma ana kai ta ƙasar Sin. A 2016 yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, ta sa ta cikin itatuwan da ake sa wa ido, a 2022 aka tsayar da fitar da ita.

Baba Malam: Sai a ce wawason daji. Amma timba ba za ta shiga ba.

Ɗan Jarida: Baba, ƙa'ida ma ai Larabci ce, ba ka kore ta ba.

Baba Malam: Ita ta daɗe ta zama 'yar gida. Ku 'yan jarida gaggawa ce ke cin ku, ku ari kalma yau, gobe yara su ɗauka ta gado ce.

Ɗan Jarida: Ku kuma kalmominku a takarda suke kwana. Wa ya taɓa jin wawason kurmi a bakin mai sayar da katako?

Mai Fassara: Don Allah a yi haƙuri, lokaci ya ƙure. Zan ce "haramtaccen saran itatuwa" a wajen yankan, "fasa-ƙwaurin katako" a wajen cinikin. Na cire timba, Baba.

Baba Malam: Ba laifi. Amma tawa ta fi, ka sa ta ko a kanun labari.

Malama: Har yanzu "saran itatuwa" bai kwanta mini ba. Mu sake zama a kansa bayan shirin.