Wa ya san Constance Hieatt da girkin Turawan da?

Ɗalibar Adabi: Assalamu alaikum. Malamin da ke koya mana Chaucer, mawaƙin Ingila na ƙarni na 14, ya ambaci wata Farfesa Constance Hieatt, wai ta ƙare rayuwarta kan littattafan girkin Ingila na ƙarni na 14. Ni dai abin ya ɗaure min kai. Ina ruwan adabi da tukunya?

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam, 'yata. Ba'amurkiya ce, an haife ta a 1928, ta rasu a 2011, ta daɗe tana koyarwa a Jami'ar Western Ontario a Kanada. Da adabin ta fara, har ta fassara Beowulf, wata tsohuwar waƙar Ingilishi. Daga baya ita da Sharon Butler suka fitar da littafin Curye on Inglysch a 1985, inda suka kwatanta tsofaffin kwafe-kwafen hannu, ciki har da Forme of Cury, girkin masu dafa wa Sarki Richard na Biyu abinci wajen 1390. Aikin ba wasa ba ne: mai kwafa ya tsallake layi ɗaya, miya ta lalace.

Uwar Biyu: Ni littafin girkinsu Pleyn Delit na 1976 na taɓa gwadawa. Na dafa kaza da shinkafa cikin madarar almon, da ɗan sukari. Maigidana ya ɗanɗana ya ce, "Ina barkonon?" To ina za su samu, Malam? Lokacin barkono da tumatir ba su iso daga nahiyar Amurka ba tukuna.

Tsohon Malami: Amma suna da cittarmu mai 'ya'ya, Hajiya. Daga Afirka ta Yamma ake kai musu ita, da tsada kuwa.